Maganin Tsatsar Tsoka

Kan mutumin ne ya daki ƙofata, har makulli ya faɗo ta ciki. Na buɗe da gari a hannuna, na tarar da Boyan, babban ɗan maƙwabciyata Radka, ya shaƙe wani mai baƙar kwat yana gwara shi da bango. Jakar mutumin ta wage, kwalaben ƙwayoyi suna ta gangarawa kan matakala.

"Boyan! Za ka yi kisa!"

"Koma ciki, Goggo Nevena. Wannan ba mutum ba ne."

Na san mai kwat ɗin. Lyuben sunansa, wata takwas ke nan yana zuwa duk Talata saboda Tsvetan, autan Radka, mai ciwon nan da ke cinye tsoka. Yana ɗan shekara bakwai nake ganin sa yana dafa gwiwa kafin ya miƙe. A sha biyu ya hau keken guragu. Yanzu yana da talatin da ɗaya, yatsu uku kaɗai ke motsi a jikinsa. Bakinsa kuwa lafiya lau. In na kai masa banitsa, gashin fulawarmu mai cuku a ciki, sai ya ce, "Goggo, yau ma kin yi rowar cuku."

Lyuben ya zo da ƙwayoyin 'ya'yan inabi da wasu bitamin, wai tsoka tsatsa take yi kamar ƙarfe, su kuma suna wanke ta. Likita a birnin Plovdiv ta faɗa wa Radka gaskiya: Tsvetan ya sha in yana so, ba wanda ya tabbatar suna dawo da ƙarfi, amma kada a kuskura a taɓa maganin zuciyarsa. Lyuben ya ce ai maganin asibitin ne ke hana nasa aiki. Radka ta yarda, ta ɓoye na zuciyar a cikin tukunya. Da safen ranar Boyan ya dawo daga Jamus inda yake tuƙa babbar mota, ya ga ƙafafun ƙaninsa sun kumbura, leɓensa ya yi shuɗi, ya kuma ci karo da tukunyar.

"Likita, ko?" Boyan ya kai masa naushi a baki. "Likitan uwar wa?"

Haƙori ya yi tsalle ya faɗi gaban silifas ɗina. Lyuben ya zube, Boyan ya bi shi da takalmin aiki, haƙarƙari, ciki, haƙarƙari. Radka ta fito da gudu ta riƙe rigar ɗanta. Ya fizge ba tare da ya waiga ba, ta tafi ta bugu da ƙarfen matakala, girarta ta tsage.

"Ni na ɓoye!" Tana ihu tana marin kanta da hannu biyu. "Ni za ka kashe, ni!"

Bai ji ta ba. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya fasa murfin da haƙori, ya matse kumatun Lyuben ya ɗura masa.

"Haɗiye! Wanke taka tsatsar!"

Da ya tsaya yana haki ne muka ji muryar Tsvetan daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa.

"Yaya. Zo ka juya ni."

Na bi Boyan ciki. Ya sa hannayensa masu jini ƙarƙashin ƙaninsa, ya juya shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Ka gama damben? Tun ɗazu bayana ke ciwo."

"Sun cuce ka, Tsetso."

"Na sani fa. Ka zaci harshena bai san ɗacin maganina ba?"

"Ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

Tsvetan ya ja numfashi sau uku kafin ya sami na magana. "Tun da mutumin nan ya fara zuwa, Mama ke waƙa a kicin. Kai ka taɓa jin ta tana waƙa?"

Lif ɗinmu ya daɗe da lalacewa. Da motar asibiti ta iso, Boyan ne ya sauko da Tsvetan a hannu, hawa huɗu, ya tsallake Lyuben da ke nishi a kwana. A bakin ƙofa 'yan sanda suka bari ya kwantar da shi tukuna, sannan suka murɗe masa hannu ta baya. Yana tsare ranar Alhamis da rana lokacin da zuciyar Tsvetan ta tsaya. Ni da Radka muna gefen gadon.

Washegari na raka ta manna takardar rasuwa a ƙofar shiga gidanmu. Hoton da ta zaɓa na bakin teku ne, yana dariya, iska ta tashi gashinsa. Na shafa gam, ta ɗora takardar ta danne da tafin hannu. Mai kawo wasiƙu ya zo, ya tsaya da jakarsa yana jira ta ba shi hanya. Gam ya daɗe da bushewa, hannunta na nan a kai.