Jar Motar Baba Sittin

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina tuƙa manyan motoci, ban taɓa taka ko kazar wani ba. Ku je tasha ku ce Baba Sittin, ko mai shara zai nuna muku bencin da nake zama. Ban yi boko ba, allon kwatance ma da siffarsa nake gane shi, amma inji in ya yi tari, ina daga ɗaki zan faɗa maka abin da ke damunsa.

Sunan Sittin kuwa ba gadonsa na yi ba. Ina da shekara ashirin da uku, direban da na koyi tuƙi a hannunsa ya sako mu gangara da lodin siminti, allurar maleji ta haura ɗari. Mu uku ne a gaba. Ni kaɗai aka zaro da numfashi, aka sa mini ƙarfe a cinyar hagu, wanda har yau shi ke fara gaya mini za a yi ruwa. A kan gadon asibiti na ce ƙafar nan ba za ta sake kai allura sama da sittin ba. Kuma ba ta kai ba.

Da na ajiye aiki, sai na sayi motar da ta tayar da ƙura a gidana. Ja ce, doguwa, ƙofa huɗu, fulogi takwas, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tayoyinta faɗin tire. Ta yi shekara tara a hannun wani kafin ni. Duk tsawon aikina irinta ke wuce ni fuu a hanya, masu su ko ɗaga hannu ba sa yi. Na ce kafin a kai ni rami sai na zauna a irin kujerar nan.

Uwar 'ya'yana ta leƙo ta taga ta gan ta, ta ce, "Malam, kai da gwiwarka ke ƙara in za ka zauna a tabarma, wa zai riƙa ciro ka daga wannan kwale-kwalen?"

Na ce, "Wanda ya ciro ni daga ƙarƙashin buhu ɗari shida."

Babu motar da ta ga gata irin nata. Kullum da safe sai na tayar da ita ta yi rabin awa a tsaye tana ɗumama, kamar yadda nake yi wa tirela. Sannan in lallaɓa ta zuwa shagunana biyu da na ba haya, in biya tasha in sha shayi, in dawo gida. Duka-duka kilomita uku. A cikin gari ko arba'in ba na kaiwa. Jarka ɗaya ta ruwa, da filaya, da waya, da tsohon tub na taya, suna but kullum, don direban ƙwarai ba ya fita babu su. Uwar 'ya'yana ta ce na mai da motar manya shagon gwangwan. Na ƙyale ta.

Wata biyu da saye, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na kai ta wajen Guntu bakanike, wanda ya yi shekara talatin yana shiga ƙarƙashin motocina. Ya canja fulogi takwas, kowanne kuɗinsa ya sayi buhun siminti. Aka yi sati uku, fitila ta dawo. Ya ce sensa ce, aka canja. Batir ya mutu, aka sa sabo, shi ma ya mutu. Taya ɗaya ta faɗa rami ta tsage, na biya abin da zai sa wa ƙaramar mota ƙafa huɗu. Shokozoba kuwa sai da aka yi oda, mota ta yi sati biyar a gareji kaji suna kwanciya a inuwarta. Sau huɗu janwe yana kwaso ta daga tsakiyar titi.

Ran na huɗun, mai shayin tasha ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ni ban taɓa ganin motar da ke son hawa mota irin taka ba."

Na ce, "Kai ko keken da ke hawa mota ba ka da shi." Amma maganar ta ci ni.

Kuɗin hayar shaguna duk a gareji yake ƙarewa. Rufin ɗakin girki yana yoyo tun bara, uwar 'ya'yana tana tara kwanuka uku in an fara ruwa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta yi abin da ya fi faɗa: ta kira babbar 'yarmu, wadda nake ce wa Uwata. Ma'aikaciyar asibiti ce, kuma haka take magana da kowa, kamar ta zo ba shi magani.

Ta zauna a bakin kujera, jaka a kan cinya, ta ce, "Baba, an samu mai saye. A sayar da ita a gyara rufi. Duk inda za ka, ni zan sa a kai ka."

"A kai ni? Ni da na kai rabin simintin da aka gina asibitinku?"

"Baba, shekararka saba'in da biyu."

"Na sani, ina wurin aka fara ƙirgawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To mu yi haka. Ranar da janwe ya sake ɗauko motar nan, a ranar za ka miƙo mini makulli. Ka yarda?"

Na dubi uwarta, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na gane bakinsu ɗaya. Kuma na san ba mota kaɗai ake so a karɓe ba. In makullin nan ya fita hannuna, na zama kaya, sai inda aka ajiye ni.

Na ce, "Na yarda. Ki je ki gaya wa mai sayen ya nemi wata."

Kwana tara da yin wannan magana fitila ta sake kamawa, mota tana shessheƙa kamar mai asma. Na ja ta da ƙyar zuwa gareji. Guntu ya jona mata 'yar na'urarsa, ya daɗe yana kallo, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Oga, tukunyar salansa ta kusa toshewa. Fulogin da na sake sawa wata huɗu da suka wuce sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ni abin ya fi ƙarfina. Shiga ka tuƙa ni, in ga yadda kuke yi da ita."

Muka shiga. Na tayar, na zauna.

"Me muke jira?"

"Ta ɗumama."

"Har yaushe?"

"Rabin awa."

Ya dube ni, ya dubi agogo. Da muka hau titi, ina tafiyata cikin natsuwa, sai wani mai keke da daurin katako a baya ya zo ya wuce mu, har ya waiwayo ya gaishe ni. Guntu ya dafe kai da hannu biyu.

"Oga, kullum haka?"

"Kullum. Shi ya sa nake raye."

"Kai kana raye, ita ce kake kashewa! Wannan ba tirela ba ce. An yi ta ne don ta yi gudu ta ƙone dattin cikinta. Kai kuma ka tsayar da ita tana shan hayaƙin kanta, sannan ka ja ta kamar amalanke. Batir ma bai samun caji. Shekara guda ina canja kaya, ashe direba ya kamata in canja."

Na ce, "Guntu, ka iya bakinka. Kana tsotson yatsa na fara juya sitiyari."

"Na yarda, Oga. Amma ko ka hau babban titi ka ba ta wuta, ɗari zuwa sama, na rabin awa, ko ka tanadi kuɗin sabuwar tukunya. Hayar shagunanka ta wata shida ba za ta saye ta ba. Ko ka ba ni makullin in je in yi maka."

"Babu hannun da zai taɓa makullin nan sai nawa."

Na koma gida na zauna a tsakar gida ina murza cinyar hagu. Shekara arba'in da tara ina riƙe da alkawarin nan, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni. Ga shi mota ta ce ko in karya shi, ko in rasa ta.

Ran Asabar da hantsi na fito da ita. Uwar 'ya'yana ta riga ta kai rahoto, don na tarar da Uwata tsaye a bakin ƙofa da wayarta a hannu.

"Baba, zan bi ka. In wani abu ya faru gara ina wurin."

"Shiga. Ki ɗaura bel."

Muka fita gari, muka hau babban titi, shimfiɗaɗɗe, ba kowa sai jefi-jefi. Hamsin. Sittin. A nan ƙafata ta tsaya da kanta, kamar an dafa ta. Na ji ƙarar buhunan siminti a bayana, ni da na san babu ko ɗaya.

Uwata ta ce a hankali, "Baba, in ba za ka iya ba mu juya. Ba abin kunya ba ne."

Wannan "ba za ka iya ba" ita ta taka totur, ba ni ba.

Motar ta yi wani gurnani da ban taɓa jin ta yi ba, ta manna mu da kujera. Tamanin. Ɗari. Na duba madubi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu kamar an ƙona taya. Ta yi tari sau biyu, sannan muryarta ta washe. Ɗari da goma, sitiyari ko rawa bai yi ba. Ashe haka masu wuce ni suke ji! Na saci kallon Uwata, ta riƙe hannun ƙofa gam, amma haƙoranta duk a waje.

"Baba, kai ne kuwa?"

"A'a, maƙwabcinku ne."

Mun yi kusan minti ashirin da biyar a haka, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi. Kafin allurar zafi ta motsa na riga na san ruwa ne. Na sauka gefen titi na kashe inji. Tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet.

Uwata ta sauko, ta dubi tururin, ta dube ni. Murnar ta gudu daga fuskarta. Ta ɗaga waya.

"Baba, ka yi haƙuri. Alkawari muka yi. Bari in kira janwe."

"Me muka ce? Ranar da ya ɗauko ta. Kin ga ya ɗauko ta?"

"To tashi za ta yi sama?"

"Ajiye wayar nan ki buɗe but."

Muka zauna a inuwar wata bishiya har inji ya huce. Sannan na leƙa. Tiyon da ke kai ruwa lagireto ne ya tsage, tsawon ɗan yatsa. Tsohuwar roba ce, ta shekara goma ba ta ga zafi na gaskiya ba. Na ɗauko tub ɗin nan da aka ce gwangwan ne, na yanka shi siri-siri da wuƙa, na goge tiyo ya bushe, na naɗe shi tam, hawa bakwai, ina ja har jijiyar wuyana ta tashi. Na ce Uwata ta riƙe bakin robar.

"Ba haka ba, danne da babban yatsa. Ba ku ɗaure jijiya a asibiti?"

"Muna ɗaurewa, amma ba da tayar mota ba."

Na bi da waya wuri uku na murɗe da filaya. Na juye jarkar ruwa. Murfin lagireton kuwa ban ɗaure shi duka ba, na bar shi sako-sako don kada iska ta taru ta sake fasa wurin. Wannan ba a na'urar Guntu yake ba, a daji na koye shi, inda in ka tsaya jiran janwe sai dai a zo a tarar da takalmanka.

Na tayar. Muka tsaya muna kallon ɗaurin. Ɗigo ɗaya, sannan shiru. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa kuwa, da na duba, ta mutu.

Muka juyo gida a kan arba'in, sau biyu ina tsayawa in duba ruwa. Na bi ta gaban tasha da gangan, na danna ham sau uku don mai shayi ya ga da ƙafarta take tafe. Da muka shiga gida uwar 'ya'yana ta fito, ta ga hannun 'yarta baƙi har gwiwa, ta ce, "Ke kuma makullin kika je karɓowa ko kanikanci?"

Uwata ta wanke hannu a bakin famfo, ta daɗe tana cuɗawa. Sannan ta ce, "Baba, makulli naka ne. Amma sai an gyara rufi kafin a sayi sabon tiyo."

Na ce, "Dama haka na tsara." Ban tsara ba, amma ba dole ta sani ba.

An gyara rufi. Tiyo ya zo bayan sati uku, da tsadarsa kamar da zinariya aka yi shi. Motar ba ta daina cin kuɗi ba, kada wani ya ce na ce ta daina. Watan jiya ma injin gilashin ƙofa ya tsaya. Amma janwe bai sake ganin ta ba. Guntu yana yawo yana cewa shi ya gano ciwon. Ya gano, to wa ya taka?

Yanzu duk Asabar da hantsi ina fitar da ita babban titi. Uwata ba ta fashi, wai tana zuwa ne don ta sa mini ido. Mai shayi ya fara kira na Baba Ɗari, na ce ya kiyaye ni. Rabin awa a sati magani ne nake ba mota. Sauran kwana shida da rabi, Sittin nake, kuma makullin yana aljihun gaba na rigata, inda kowa zai gan shi.