Man Shanun Daddara

Muhsina da mahaifiyarta Ummusalma suna zaune a Jibiya, kusa da shingen iyaka, tare da Kaka Hasiya, mahaifiyar baban Muhsina. Gero bai yanke musu ba, kuma gidan yana da rufi. Abin da suka rasa shi ne maigidan, Zunnuraini, wanda ya shekara biyu yana karatu a Alƙahira. Da hutun makaranta ya zo, sai ya aiko musu da tikitin jirgi su biyu.

Bayan sallar asuba Kaka ta miƙa wa Muhsina kwalbar man shanun garin Daddara, wadda ta kwana a gindin randa har ta daskare.

"Na babanki ne. Hannunki da hannunshi. Kada ki sa a akwati."

Muhsina ta san iyaka. Ta sha bin Kaka zuwa Maraɗi, ta ga yadda ake yi: a gaida jami'i, a tambayi lafiyar iyalinsa, a faɗi 'yar wane ce, sai a ɗaga sandar shinge a wuce. Tun daga Jibiya har Kano tana rungume da kwalbar, tana tambaya.

"Inna, a sama wa ke ɗaga sanda?"

"In mun je kin gani."

Rana ta buɗe musu tun kafin Katsina. Da suka isa filin jirgi, man ya narke, yana kai da komo a kwalba kamar ruwan shayi. Akwatunansu suka shige wani rami a bango. Wajen bincike, wata jami'a ta ɗaga kwalbar ta girgiza.

"Hajiya, abu mai ruwa haka ba ya shiga jirgi a hannu."

Ummusalma ta gyara mayafi ta fara yadda ta saba. Ta gaishe ta da aiki, ta tambayi yara, ta ce su mutanen Jibiya ne, surukarta kuwa ba wanda bai san ta ba a shinge.

Jami'ar ta yi dariya. "Allah ya ja kwananta. Amma na'urar nan ba ta san kowa ba."

"Da safe ba ruwa ba ne," in ji Muhsina. "Mi ya sa yanzu ya zama laifi?"

"Yanzu nake ganinsa, 'yata."

Muhsina ta yi nazarin kwalbar. "To wanda ke hannuna fa, shi ma ana karɓa?"

Jami'ar ta dubi layin da ke bayansu, sannan ta buɗe murfin. Muhsina ta zuba kaɗan a tafi, ta shafe hannuwanta har gwiwar hannu. Kwalbar ta tsaya a Kano.

Awa biyar tana leƙen taga. Ta ga rairayi, ta ga gajimare, ba ta ga sanda ko ɗaya ba. Da aka kawo abinci da ɗan ƙyallen goge hannu, ta ƙi taɓa ƙyallen.

A Alƙahira, Zunnuraini ya durƙusa ya kama hannuwanta biyu. Sai ya tsaya, ya kai su hancinsa.

"Wannan na Daddara ne," ya ce a hankali. "Inna ce ta soya shi."

Muhsina ta gane cewa saƙon Kaka ya isa, hannunta da hannunsa.