Gwangwani a Bakin Salansa

Tun da kamfanin haidurojin ya haƙa rijiyoyinsa a bayan gari, famfonmu ya ƙafe. Wai da ruwa suke haɗa iskar da motocinsu ke sha a madadin fetur. Yaya ne ke tuƙa musu bas, kuma kullum sai ya tuna mana cewa ba ta hayaƙi.

"Inna, ruwa zalla take fitarwa ta salansa," in ji shi.

"Ashe can namu ya koma," in ji Inna. "To ka ce mata ta dawo da shi."

Damuwar Inna ita ce bishiyar lemun tsamin da Baba ya dasa a tsakar gida kafin ya rasu. Ganyenta ya fara nannaɗewa, ga ruwan jarkar da muke sayowa ko girki ba ya isa.

Washegari ta sa wayar ƙarfe ta ɗaura gwangwanin madara a bakin salansar bas ɗin don ya tare ruwan. Yaya ya ce za ta kunyata shi. Ta ce in ya cire, kada ya nemi abincin dare. Da yamma ya dawo da ruwan da ko kaza ba zai ƙosar ba, sauran ya zube a ramukan titi.

Manajansu ya ga gwangwanin. Mun ɗauka korar Yaya zai yi, sai ga shi a gidanmu da mai hoto.

"Mama, ai wannan shi ne maido wa jama'a ruwansu," in ji manajan.

Mai hoton ya dubi bishiyarmu, ya yatsine fuska. "Yallaɓai, wannan ba za ta yi kyau ba."

Suka sauko da wata bishiya koriya shar a tukunya daga motarsu, suka kare tamu da ita, suka cika gwangwanin da ruwan roba. Inna ta zuba, aka ce ta yi murmushi ta sake zubawa. Ina leƙe ta bayan labule, ruwan duk yana shiga tukunyarsu.

"Ɗana, a bar min sauran ruwan mana, ko tawa ta samu."

"Akwai wata unguwar da za mu ɗauka, Mama."

Suka tafi da bishiyarsu da ruwansu, har da gwangwanin, wai za a ajiye a ofis.

Yanzu hoton Inna yana kan babban allo a bakin titi, tana dariya. Lemun kuwa ya bushe, muka sare shi muka hura wuta. Yaya ya shigo yana tari, ya ce hayaƙin itace yana ɓata iska. Inna ta janye kwanon da ta zuba masa, ta ce ya je bas ɗinsa ta dafa masa.