Laifin Kaptin

Adukwei na durƙushe a tsakar falo tana dirzar kafet da buroshi, kayanta na zuwa banki suna rataye a bayan ƙofa, sai ta ji an ƙwanƙwasa. Ba sai ta tambaya ba. Mutum ɗaya ce ke hawo musu bene kafin ƙarfe shida na safe: Anti Korkoi, mai gidan, wadda ke zaune a ƙasa.

Anti Korkoi ba ta shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kai gefen zanenta hanci.

"'Yata, ni fa ba na son magana ta yi yawa. Jiya mai kawo mana ruwa ya tambaye ni ko masai ne ya fashe. A gidana! Tun daga matakala ake jin zarnin nan."

"Ina wankewa, Anti. Kullum sai na wanke."

"Kina wankewa, shi yana sabuntawa. Ai kun raba aiki ke nan." Ta leƙa ciki, ta sassauta murya. "Ina kwana, Masta?"

Daga kujerarsa ta kusa da taga, Ataa Ayitey, mahaifin Adukwei, ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shugabantar makarantar firamare a Mamprobi, kuma Anti Korkoi na cikin waɗanda suka sha bulalarsa. Har yau idan ta gaishe shi sai ta ɗan rusuna.

"Na yi magana da wani mai gadin gona a Kasoa," in ji ta ga Adukwei. "Yana neman kare. Yau da rana zai zo. Ko dai karen ya tafi, ko ki fara neman wani gidan. Kada ki ce ban faɗa miki ba."

Da ta sauka, Adukwei ta juya ta dubi Kaptin. Karen ya cusa rabin jikinsa ƙarƙashin kujerar tsohon, ido kawai yake zarewa. Jan kare ne ɗan gida, ya fara furfura a baki. Wata takwas da suka wuce ya zo gidan nan na unguwar Dansoman tare da ubangidansa, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon. Anti Korkoi ta ce ba ta yarda kare ya yi yawo a tsakar gida ba saboda kajinta, don haka a ɗaki yake yini. Shi ma tsohon a ɗaki yake yini. Tun ranar da ya gwada sauka shi kaɗai ya gangaro daga matakala, Adukwei take kulle ƙofa ta waje, ta tafi da mukullin. Shida da rabi take fita, ba ta dawowa sai bakwai ta gota.

Watannin farko lafiya lau. Daga baya ta fara tarar da kafet a jiƙe, kullum a wuri ɗaya, tsakanin kujerar tsohon da hanyar banɗaki. Babu abin da ba ta zuba ba: omo, ruwan khal, bekin soda, har da wata kwalba da wani mai maganin dabbobi ya rantse mata a kai. Da safe sai falon ya yi kamar ya gyaru. Rana na yin zafi, zarnin ya taso daga ƙasa kamar ba a taɓa wankewa ba. Ta sha kama Kaptin a wuya ta dangwara masa hanci a wurin, ta sa silifas ta jibge shi. Tsohon kuwa sai ya kau da kai ya dubi taga.

"Ataa, gobe ne fa dattawan coci za su zo duba ka," ta ce tana matse tsumma. "A nan za su zauna. A nan za su durƙusa su yi addu'a. Da wane ido zan kalle su?"

"Ki bar shi ya kwana biyu tukuna, Adukwei."

"Ka ji dai abin da Anti ta ce."

Ta ja karen zuwa ƙaramar barandar baya inda take shanya, ta ajiye masa ruwa, ta kulle ƙofar, ta jefa mukullin cikin jaka. Aƙalla yau ɗaya kafet ɗin zai bushe. Ta ajiye wa tsohon koko da burodi a kan tebur, ta fita.

A cikin mota matar da ke gefenta ta miƙa hannu ta zuge gilashi. Wataƙila zafi ne ya dame ta, amma Adukwei ta sunkuyar da kai ta shinshina hannun rigarta a ɓoye. A banki ma haka ta yi ta yi, duk wanda ya matso kusa da teburinta sai ta ja baya. Ƙarfe sha ɗaya ta je ta ce wa shugabarta tana da uzuri a gida. Ta biya ta kasuwar Kaneshie ta sayi galan ɗin ruwan khal, ta kama hanya, don ta miƙa karen da hannunta, ta kuma yi wa falon wankin ƙarshe.

Tana buɗe ƙofa zarnin ya daki hancinta, sabo, ba irin na kwana ba. Ga jiƙar nan a inda ta saba ganinta, an yayyafa ruwa a kai, an kuma goge sama-sama. Tsohon yana kan kujerarsa yana haki kamar wanda ya yi gudu. Da safe wando ne a jikinsa. Yanzu zane ya ɗaura, ɗaurin hannu ɗaya, duk ya karkace.

"Kin dawo da wuri," ya ce.

"Na dawo, Ataa."

Ya bi idonta zuwa kafet ɗin. "Kaptin ne," ya ce. "Kuka yake ta yi, sai na buɗe masa ya ɗan shigo."

Hannun Adukwei yana cikin jaka, kuma yatsunta suna kan mukullin barandar. Guda ɗaya ne tak. Daga bayan ƙofar tana jin karen yana ƙarta katako.

Ta ajiye galan ɗin ta wuce banɗaki kamar za ta wanke hannu. Taku goma sha biyu ne daga kujerarsa, ba ta taɓa ƙirgawa ba sai yau, ga kuma ɗan tudu a bakin ƙofar da dole sai mutum ya ɗaga ƙafa. Wandon yana cikin bokiti a bayan ƙofa, an zuba masa ruwa, an rufe da tawul. Ta tuna yadda kwanan nan take tarar da wandunansa a shanye a jikin taga, ya ce mata yana motsa hannunsa ne da wanki kamar yadda likita ya ce. Har yaba masa ta yi.

Ta buɗe famfo don kada ya ji, ta dafa bango. Wata uku. Wata uku mutumin nan yana rarrafe a kan gwiwa da hannu ɗaya yana goge ƙasa kafin ta dawo, ita kuwa ta shigo tana faɗa, tana kiran abin ƙazanta a gabansa, tana dukan karen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko sau ɗaya ba ta tambaye shi yadda yake kai kansa banɗaki ba. Abin da take tambaya kawai shi ne ko ya sha magani.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ga mutumin Kasoa can a ƙasa da babur ɗinsa," in ji Anti Korkoi, igiya a hannunta. Wannan karon ta shigo har tsakar falo, ta yamutsa fuska. "Kin gani ko? Ya sake! Ina yake?"

Adukwei ta dubi ƙofar baranda, ta dubi mahaifinta. Idan ta wanke karen, ta tona mahaifinta. Idan ta rufa wa mahaifinta asiri, za a ɗaure Kaptin a bayan babur.

"Anti, ki ba ni mako ɗaya."

"Mako nawa na ba ki? Adukwei, kare ne fa, ba ɗan da kika haifa ba."

"Korkoi."

Da muryarsa ta makaranta ya kira ta, wadda ciwo bai gama cinyewa ba. Matar ta juya da sauri kamar yarinya a layin taron safe.

"Na'am, Masta."

"Sallami mutumin nan. Karen tun safe yana kulle a baranda." Bakinsa da ya karkace yana rawa, amma bai sunkuyar da kai ba. "Bai taɓa yi a ɗaki ba. Ko sau ɗaya. Ni na hore shi."

Anti Korkoi ta dubi kafet, ta dubi zanen da ke jikinsa, sai ta yi sauri ta ɗauke ido. A hankali ta sauke hannun da ke kusa da hancinta, ta naɗe igiyar ta ɓoye a bayanta. Ta juya ta sauka.

Suka ji ƙarar babur ya tashi, ya yi nisa.

"Ataa," in ji Adukwei, "me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na so in faɗa. Ranar farko na so." Yana kallon taga. "Sai kika shigo kika kama shi, ni kuma na yi shiru. Bayan nan kullum faɗar sai ta ƙara nauyi. Ina zaune a nan kina dukansa, shi kuma da kin fita sai ya zo ya kwanta a ƙafata."

Ta durƙusa ta gyara masa ɗaurin zanen. Shi bai kalle ta ba, ita ma ba ta kalle shi ba.

Ba a jima ba Anti Korkoi ta dawo, ta canza zuwa tsohon zane, tana ɗauke da bokiti da kuma wani abu a naɗe cikin jarida. Ta tura shi ƙarƙashin tebur kusa da kujerar ba tare da ta buɗe ba. Bakin wata robar fitsari ya ɗan leƙo. Irin ta asibiti ce, ta marigayi mijinta.

"Ruwan khal ɗin nan ɓata lokaci ne," ta ce wa Adukwei, murya a daƙile. "Zarnin ya riga ya ratsa har siminti. Naɗe kafet ɗin za mu yi mu sauke shi ya sha rana, mu wanke ƙasan. Baƙin gobe su zauna a kan siminti, ba su fi ƙarfinsa ba." Ta miƙo tafin hannu. "Ba ni mukullinki ɗaya. Sha biyu da kuma ƙarfe uku zan riƙa hawowa. Saboda karen."

"Korkoi," in ji tsohon, har yanzu idonsa na kan taga, "karen ba ya shan shayi da sukari."

"Na ji, Masta."

Adukwei ta je ta buɗe barandar. Ta tsuguna, ta miƙa hannu ta kira shi a hankali. Kaptin ya kwantar da kunnuwa, ya manne da bango, ya raɓa ta gefenta ya wuce wurin tsohon.

Ta daɗe a tsugune, hannunta a miƙe.

"'Yata," in ji Anti Korkoi daga falo, "zo ki kama wancan gefen. Yana da nauyi."