Kafson da Ba Ya Ɗaci

"Ajiye kwanon nan a ƙasa, Maman Hope!"

Abigail ta yi turus a bakin zaure, kunun gyaɗa na tururi a hannunta. Hammanjoda ne ya tare hanya, ƙanin maƙwabcinta Malam Aƙilu tela, telan da zazzaɓin taifod ya kwantar tun farkon damina.

"Lafiya, Kawu?"

"Ke za a tambaya. Yau kaza za ta fara sha."

Ya fizge kwanon ya tsiyaya a ƙasa. Kajin gidan suka yi caa a kai, suka tsattsage tas, suka ci gaba da tonon bola abinsu. Hammanjoda ya bi su da harara.

"Wani abin ba ya kama kaza," in ji shi. "Mai suna yake nema."

Duk unguwar Yelwa an san yadda abin ya faro. Malam Aƙilu ya daina iya haɗiye ƙwaya, sai matarsa Hajaratu ta riƙa ɓare kafso tana zazzage garin cikin kunun da Abigail ke kawowa, kamar yadda kowa ke yi wa mara lafiya. Bara da ya sha irin maganin daga asibiti, ɗacinsa har amai ya sa shi. Bana kuwa shanyewa yake yana lashe baki.

"Kunun Abigail ya fi ƙarfin ɗaci," yakan ce yana murmushi. "Useko, na gode, maƙwabciya."

Yabon nan shi ya zame mata masifa. Me take sawa da ke kashe ɗacin magani? Ga mutum kullum ramewa yake. Nan take aka tuno rigimar kwata da ta taɓa haɗa mijinta Timoti da Malam Aƙilu. Aka ce an ga Abigail ta nufi ƙauyen Kona da ƙullin zane, wai wurin boka za ta. Gaskiya ne ta je Konan, sai dai gyaɗa ta je saye, amma wa zai saurara? Mata suka daina sayen ƙosanta. 'Yarta Hope ta dawo daga famfo da kuka.

Da hantsin Laraba salati ya tashi daga bayan katanga. Abigail ta saki muciya ta zauna daɓas.

"Kada ki je," in ji Timoti. "Za su cinye ki ɗanya."

"In ban je ba, na yarda ni na kashe shi ke nan."

Ta yafa gyale ta shiga bayan an dawo daga maƙabarta. Mata suka bi ta da kallo. Wata tsohuwa ta janye tabarmarta. Hajaratu na zaune a ƙofar ɗaki, ba ta ɗago ba. Hammanjoda yana fito da kayan mamacin, da ya hango ta sai ya ɗaga ledar magani sama.

"Ku gani! Ni da kaina na sayo a tasha, wurin mai lasifika, sabon zuwa daga Kudu. Bai tsallake ko sau ɗaya ba. To me ya hana shi aiki?"

Ya girgiza ledar, sai ya yi tsalle yana kaɗe hannu. Kiyashi ne cike da ita. Ledar ta faɗi, wani kafso da aka ɓare rabi ya gangaro gaban Hajaratu, farin gari ya zube, kiyashi na damƙe da shi.

Hajaratu ta ƙura masa ido. Sannan ta dangwala da yatsa ta kai harshe.

"Adda, bari!" in ji Hammanjoda.

Ta ɓare wani sabo, ta sake lasa.

"Gari ne," ta ce a hankali. "Garin tuwo. Da hannuna nake ba shi."

Hammanjoda ya juya. Ya dubi ƙofar zaure kamar mai lasifikar na tsaye a can, alhali kowa ya san motarsa ta bar gari tuni.

Hajaratu ta matsa gefe a kan tabarma, ta dafa wurin da tafin hannu.

"Maman Hope, zauna."

Abigail ta zauna. Kusa da ƙafarsu kiyashi sun ja layi, kowanne da 'yar farar ƙwayar gari a baki, suna bi ta ƙarƙashin keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane.