Gilasai Shida Masu Farin Baki

Shekara talatin Farfesa ta shafe tana bin tambaya guda: ta yaya fararen ƙwayoyin jini suke gane ƙwayar cutar da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, har su haɗiye ta tun kafin mutum ya ji ciwon kai? Bakwai daga cikin shekarun nan na yi su a ɗakin gwaje-gwajenta, ina zaune gaban madubin likita ina yi mata ƙirgar ƙwayoyin a kan ƙananan gilasai. Difloma kawai gare ni, amma duk ƙirgar da ba ta bi ta hannuna ba, Farfesa ba ta sa mata hannu. Ɗalibai suna ce mini Mai-ido, ita kuwa takan ce, “Ɗana, duba mini wannan.”

Ana nan sai Dogo ya dawo daga karatu da digirin dakta.

Benci ɗaya muka zauna da shi a sakandare, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya kwafi lissafina. Ranar da na gaya wa Inna cewa an ɗauke shi aiki a wurinmu, sai ta tafa hannu ta ce, “Dogon da yake ƙarar mana da abinci? Ikon Allah! To yanzu kai ne ogansa ko shi ne naka?” Na ce mata aikinmu ba haka yake tafiya ba. Ta ce, “To, Allah ya sa.”

Cikin wata uku aka ba shi teburin da ke jikin taga, wanda na daɗe ina ajiye littattafaina a kai. Farfesa ta koma shigowa da kofin shayinta ta yi mini sallama a tsaye, sannan ta ja kujera kusa da shi su yi awa guda suna zane-zane a takarda. Ranar da na ji ta ce masa “ɗana”, sai da na sake ƙirga gilashin da ke gabana daga farko. Shi kuma bai taɓa yi mini komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kullum da safe sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Mutumina, idon nan dai a riƙa lallaɓa shi, da shi muke cin abinci.”

Aikinsa shi ne ya kashe wata ƙwayar gado guda ɗaya a cikin fararen ƙwayoyin, wadda yake zaton da ita suke gane abokin gaba. Idan zatonsa ya yi daidai, ƙwayoyin da ya taɓa za su rage haɗiya. Ya shirya gilasai goma sha biyu, shida na waɗanda ya taɓa, shida na lafiyayyu.

Farfesa tana da doka wadda ba ta sassauta wa kowa: mai ƙirga ba zai san abin da yake ƙirgawa ba. Da kanta take rufe rubutun kowane gilashi, ta sa masa lamba, ta rubuta asirin lambobin a takarda, ta liƙe a ambulan ta kulle a durowarta. Takan ce ido bawan zuciya ne.

Da na jera gilasan a gabana, sai na lura shida daga cikinsu suna da farin baki, irin na sabon kwalin da aka kawo. Na kuma tuna na ga Dogo ya buɗe kwalin nan a ranar da na ɗauka yana aikin ƙwayoyin da ya taɓa. Abin da ya kamata shi ne in tashi in gaya wa Farfesa a sake shiri. Ban tashi ba.

A kowane gilashi ana ƙirga ƙwaya ɗari biyu, da 'yar na'ura mai maɓalli biyu: dama ta haɗiye, hagu ba ta haɗiye ba. Yawanci abin a fili yake. Amma cikin kowane goma akwai ɗaya ko biyu da ba a iya rabewa ko ƙwayar cutar tana ciki ko manne take a baya, kuma a nan ne ake buƙatar mai ido. A kan masu farin baki, duk mai shakka na danna mata dama. A kan sauran na danna hagu. Ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, da haka na riƙa lallashin kaina. So nake bambancin ya dushe, Farfesa ta ɗaga gira ta ce masa, “Dakta, koma ka sake tunani.”

Ranar Alhamis ta yage ambulan a gabanmu, tana kiran lamba, Dogo yana rubutawa a allo. Tun a gilashi na huɗu na gane zatona ya kuskure. Masu farin bakin su ne lafiyayyun. Na ɗaga waɗanda da ma suke sama, na danne waɗanda da ma suke ƙasa.

Dogo ya ja da baya yana kallon allon, ya ce, “Ranki ya daɗe, bambancin kusan rabi fa!”

Farfesa ta cire tabarau. Ta ce, “Tun ba a haife ku ba nake neman ƙofar nan.” Sannan ta juyo gare ni. “Wannan karon ba a layin godiya za ka tsaya ba. Sunanka ne na biyu a maƙalar da za mu buga, bayan nasa.”

Dogo ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. “Mutumina, lissafinka ya sake fitar da ni!”

Kwana huɗu ina yawo da maganar a ciki. Abin da na yi shekaru ina so ya zo hannuna, kuma babu mai iya ganewa. Amma na san yadda aikin nan yake: wani a wata ƙasa zai karanta, ya gwada, ya kasa samun rabi, sai a ce tsohuwar ta fara ganin abin da babu. Har ga Allah, wani ɓangare na zuciyata ya so a bar Dogo ya hau dokin nan ya kayar da shi a bainar jama'a. Sai dai ba shi kaɗai zai faɗi ba.

Ranar Litinin da hantsi na ƙwanƙwasa ofishinta. Na faɗi komai ina kallon ƙafar tebur. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Je ka kira Dogo. Ka maimaita a gabansa.”

Na maimaita. Dogo ya yi wata 'yar dariyar yaƙe. “Wato ka zo yi mini ƙafar ungulu, sai ka ɗora ni a kafaɗa? Me na tare maka, don Allah?”



Farfesa ta ce, “Sau nawa ka taɓa yin haka?”

“Wallahi, ranki ya daɗe, wannan ne kaɗai.”

“Na yarda da kai. Amma yardata ba hujja ba ce a mujalla.”

Ta aika gilasan wani ɗakin gwaje-gwaje da sababbin lambobi, ta haɗa da duk waɗanda na ƙirga a bara. Ba ta kore ni ba. Ta mayar da ni haɗa ruwan renon ƙwayoyi da wanke kwalabe har sakamako ya dawo. Na bara suka fito daidai da nawa. Na Dogo kuwa bambancin yana nan, sai dai bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma hakan ya isa a buga.

Maƙalar ta fito bayan wata takwas, da sunansa a farko, nata a ƙarshe, babu nawa. Dogo ya ajiye mini kwafi a kan benci. Na karanta ta sau uku da jan biro a hannu, tun daga kanu har jerin madogara, ina neman kuskure ko da guda ɗaya ne. Ban samu ba.