Numfashin Marigayi

Ɗakin rikodin ba shi da taga. Soso ne manne a bango har sama, ga sanyin na'ura yana cin ƙafa. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, muryar mijinta na fitowa daga sifika, garau kamar ta ɗan saurayi.

Injiniya, abokin marigayin kuma mai ɗakin, ya kashe.

"Kin ji ko, matarmu? Mun ɗura wa kwamfuta waƙoƙinsa duka, tana yin sababbi. Amma abin ba gishiri. Ita sai an rubuta mata siffar murya: kauri ko laushi, inda za ta tashi, inda za ta kwanta. Wa ya san wannan kamar ke?"

Ba ta tambayi wanda ya ba shi izini ba. Tun rasuwar, tambaya ta daina zuwar mata. Wayar da muryar mijinta ke ciki ma ta lalace. So take ta ji shi kawai.

"Ba ya farawa da ƙarfi," ta ce. "Ƙasa-ƙasa yake farawa, kamar mai lallashi."

Yatsun Injiniya suka hau aiki a kan kwamfuta. "A fara a hankali. Sai me?"

"Akwai kaushi. Kamar ana jan tabarma a siminti."

"Kai! Ashe da malama muke zaune ba mu sani ba!"

Ba ta yi dariya ba. Ta lalubi muryarsa ta zamanin ƙuruciya a ranta, ta rasa. Wadda ta rage mata ita ce ta kwanciyar asibiti, lokacin da yake rera mata waƙa yana jingine da filo.

"Tsakiyar baiti yakan tsaya. Ya ja numfashi, ƙirjin na ƙara. Sannan ya ƙarasa, da ƙyar."

Injiniya ya rubuta, ya danna. Da muryar ta fito, sai ga ƙamshin maganin asibiti a hancinta.

"Wannan ita ce!" Ya buga teburi. "Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Bari in ƙara masa dishewa kaɗan."

Ya rako ta bakin ƙofa, ya ce a gaida yara.

* * *

Wata ranar kasuwa tana tsaye a layin mai kanti, riƙe da ledar omo, sai rediyon kantin ya ɗauko tallar katifa. Ƙasa-ƙasa ya fara. Mijinta ne, yana yabon barci mai daɗi.

"Allah sarki," in ji matar da ke gabanta. "Ji yadda yake jan numfashi. Salo ke nan, yaran yanzu ba su iya ba."

Tsakiyar baiti ya tsaya. Ƙirjin ya yi ƙara. Hannunta ya ɗaga da kansa, daidai inda bayansa zai kasance, tana jiran tarin da ke biyowa.

Sun yanke tarin.

"Baiwar Allah," mai kanti ya ce, "matso mana, akwai mutane a bayanki."